Minti Biyu da Rabi a Tudun Epsom

Kwanan baya a majalisarmu, bayan sallar isha'i, wasu samari biyu suka kusa ba hammata iska a kan wasan Manchester United da Manchester City. Kowannensu babu abin da ke fita daga bakinsa sai dabi, dabi. Da ƙura ta lafa na tambaye su: shi wannan dabin da kuke ta ambata, sunan mene ne? Ɗaya ya ce ai Turancin wasan maƙwabta ne. Ɗayan ya ce sunan gari ne a Ingila. Na biyun bai yi ƙarya ba, akwai garin. Amma masu bin asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa daga filin sukuwa kalmar ta shigo filin ƙwallo, daga wani tseren dawaki da ake yi sau ɗaya a shekara a kan wani tudu kusa da garin Epsom, kimanin kilomita 25 kudu da Landan. Ana rubuta sunan Derby, mutanen Ingila kuma suna furta shi kusa da yadda samarinmu ke faɗa.

Tseren kansa minti biyu da rabi ne da ƴar ɗoriya. Kafin mai shayi ya gama haɗa maka kofi ɗaya an yi an gama. Abin da ya daɗe yana jan hankalina ba gudun ba ne, jerin sunayen ne. Tun daga 1780 har zuwa 2025 babu shekarar da ba a yi shi ba, sau 246 ke nan, kuma kusan a kowace shekara an rubuta sunan dokin da ya ci, da ubansa, da uwarsa, da mai shi, da mai horar da shi, da wanda ya hau shi. Ko yaƙin duniya bai tsinka igiyar ba. Daga 1915 zuwa 1918, da kuma daga 1940 zuwa 1945, an kwashe tseren an kai shi garin Newmarket, amma an yi. Ra'ayina shi ne wannan jeri ya fi kofin daraja, kuma wanda ya zauna ya karanta shi a tsanake zai ga abubuwan da masu shirya tseren ba su cika son a nuna da yatsa ba.

Domin a gane nisan 1780: a lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana matashin malami bai kai shekara talatin ba, Bawa Jan Gwarzo ke sarautar Gobir, Amurka kuma ba ta gama yaƙin ƙwatar kanta daga Ingila ba. A shekarar da ta gabace ta, wato 1779, wani basarake mai riƙe da sarautar Derby, Edward Smith-Stanley, ya shirya sukuwar ƴan dukusai mata zalla, aka sa mata sunan gidansa na kusa da Epsom, The Oaks. Goɗiyarsa Bridget ce ta ci. A wajen walimar murna aka ce to, a ƙirƙiro wata wadda maza ma za su shiga. Labarin da ake bayarwa shi ne an jefa kwabo sama don a ga sunan wa za a sa mata, na mai gida ko na baƙonsa Sir Charles Bunbury. Ko an jefa kwabon ko kuwa baƙo ne ya yi kara ya bar wa mai gida, sunan Derby ne ya zauna. Da ƙuri'ar ta juya, da yanzu samarin majalisarmu suna musu a kan "bambari" na Manchester. Allah kuwa ya rama wa Bunbury, domin ranar 4 ga Mayu 1780, cikin dawaki tara, dokinsa Diomed ne ya zo na ɗaya. Shi mai sunan sai da ya jira har 1787 kafin dokinsa Sir Peter Teazle ya ci masa.

Ƙa'idar tseren ce ta ba shi kwarjini. Doki ɗan shekara uku kaɗai ke shiga, kuma a lissafinsu duk dawakin sukuwa ranar 1 ga Janairu suke ƙara shekara, ko a wane wata aka haife su. Ma'ana, sau ɗaya tak doki ke samun wannan dama a rayuwarsa. In ya kwana da tari, ko ya taka ƙusa, ko mahayinsa ya makara wajen sakin linzami, shi ke nan, ba a cewa sai baɗi. Ɗan dambe yakan sha kaye bana ya dawo ya rama, ƙungiyar ƙwallo takan jira shekara talatin. Doki ba shi da wannan. Sannan ba a yarda dandaƙaƙƙen doki ya shiga ba, sai ingarma ko goɗiya. Wannan sharaɗi shi ke tona manufar abin: ba nishaɗi kawai ake nema ba, ana tantance wanda ya cancanci a bar masa zuriya ne.

Filin kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar yadda mutum zai zata. Tsawon tseren mil ɗaya da rabi ne, wajen mita 2,400, tun daga 1784 da aka ƙara shi daga mil ɗaya. Da an saki dawaki sai hawan tudu, har su ɗaga wajen mita 40 sama da inda suka tashi. Daga nan sai gangara, kuma a tsakiyar gangarar suke shan wata kwana ta hagu mai suna Tattenham Corner, suna cikin cikakken gudu. In sun miƙe, ƙasar a karkace take, tana tura dokin da ya gaji zuwa jikin shinge, sannan ga wani ɗan hawa daf da ƙarshe. Da yau wani injiniya zai kawo zanen irin wannan fili da an kore shi. Amma munin nasa shi ne amfaninsa. Doki mai gudu marar numfashi zai ƙare a tudu, mai numfashi marar daidaito zai rikice a gangara, mai zafin kai kuwa ihun jama'a zai gama da shi tun ba a fara ba.

Inda aka tara dawaki da kuɗi, caca ba ta nisa, kuma ba zan yi wa wannan ɓangaren kwaskwarima ba. Caca ce ke ɗauke da kaso mai yawa na harkar sukuwa a Ingila, kuma ita ce ta haifi mafi munin abin kunya a tarihin Derby. A 1844 wani doki da aka shigar da sunan Running Rein ya zo na ɗaya. Wani babba a harkar, Lord George Bentinck, ya ce sam bai yarda ba, wannan ba ɗan shekara uku ba ne. Ya bi diddigi har aka gano cewa wani doki ne daban mai suna Maccabeus, ɗan shekara huɗu, aka sauya wa suna. Ɗan shekara huɗu a cikin ƴan uku kamar a sa ƙato ne a kokawar yara. Magana ta kai kotu, alƙali ya ce a kawo dokin a duba bakinsa, domin haƙori ba ya ɓoye shekaru, kamar yadda kowane dillalin dabbobi a kara ya sani. Aka nemi doki sama ko ƙasa aka rasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka ƙwace nasarar aka ba na biyu, Orlando, dokin Kanar Jonathan Peel, ƙanin firaministan lokacin. Abin lura a nan shi ne an iya kama maguɗin ne saboda akwai littafi. Tun 1791 gidan Weatherby suke buga kundin asalin dawakin sukuwa, wa ya haifi wa, a wace shekara. Inda babu rubutu, da Maccabeus ya ci bulus.

Shekarar 1913 ta fi kowace nauyi. Ranar 4 ga Yuni, dawaki na shan kwanar Tattenham, wata mata mai suna Emily Davison, ɗaya daga cikin masu fafutukar a ba mata ƴancin jefa ƙuri'a, ta sunkuya ta ƙarƙashin shinge ta shiga gaban Anmer, dokin Sarki George na Biyar. Dokin ya banke ta, ya faɗi da mahayinsa Herbert Jones. Bayan kwana huɗu ta rasu. Har yau ana musu ko mutuwa ta je nema, ko kuwa so ta yi ta rataya wa dokin sarki ƙyallen ƙungiyarsu. Abin da ba a musu a kai shi ne ta san inda idon ƙasar yake a wannan rana, domin a ƙarni na 19 har majalisar dokoki kan tashi don ƴan majalisa su tafi Epsom. A wannan tseren dai, dokin da ya fara ƙetare layi, Craganour, alƙalai suka soke nasararsa bisa laifin tura abokan gudu, aka ba Aboyeur, wanda kusan babu mai kawo shi a lissafi. Mai Craganour ƙani ne ga shugaban kamfanin da ya mallaki jirgin ruwan Titanic, wanda ya nutse shekara guda kafin nan, kuma tun a lokacin ake raɗe-raɗin cewa ƙiyayya ta sa hannu a hukuncin. A littafi dai, layin 1913 Aboyeur ne. Sunan matar ba ya ciki, amma ita aka fi tunawa.

Yanzu a bar sunayen dawaki a dubi layin masu su, a bi shi daga sama zuwa ƙasa. A nan ne jerin ke komawa littafin da ke nuna inda dukiyar duniya take kwana a kowane zamani. Shekaru tamanin na farko kusan duk sarakuna ne da masu gonaki na Ingila. A 1865 wani dokin Faransa, Gladiateur, ya zo ya ci, Faransawa suka yi ta murna suna cewa an rama musu kayen Waterloo. A 1881 Iroquois ya zama na farko haifaffen Amurka da ya ci, dokin wani attajirin taba. Daga nan sai Aga Khan na Uku, shugaban Isma'iliyya, haifaffen Karaci, wanda ya ci sau biyar tsakanin 1930 da 1952: Blenheim, Bahram, Mahmoud, My Love da Tulyar. Ka dubi abin da kyau: Indiya na ƙarƙashin mulkin Ingila, ga mutumin can yana jan dokinsa a gaban sarakunan Ingila, su suna tafi. Ya kuma ƙona musu rai da ya sayar da Blenheim da Bahram da Mahmoud ga Amurkawa. Wannan cinikin zai dawo musu ta bayan gida, kamar yadda za mu gani.

Da kuɗin man fetur ya bunƙasa, sai sunayen suka sake launi. Nashwan a 1989 da Erhaab a 1994 na Shaikh Hamdan Al Maktum na Dubai ne. Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ya ci sau uku, da Quest for Fame a 1990, Commander in Chief a 1993, da Workforce a 2010, wanda har yanzu shi ke riƙe da lokaci mafi sauri, minti 2 da daƙiƙa 31.33. Generous na 1991 na Yarima Fahad bin Salman ne, Lammtarra na 1995 na gidan Maktum, sannan bargar Godolphin ta Shaikh Muhammad, mai mulkin Dubai, ta ci da Masar a 2018 da Adayar a 2021. Wasu jaridun Ingila sun yi ta gunaguni a kan baƙi sun mamaye musu gado, abin da ke ba ni dariya. Duk wani dokin sukuwa na wannan jinsi, in ka bi layin ubanninsa, a ɗayan ingarmu uku za ka tsaya, kuma dukkansu daga gabas aka kawo su: Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda wani Bature, Thomas Darley, ya saya a Halab ta ƙasar Sham a 1704. Fiye da kashi 90 cikin 100 na dawakin yau ta layin wannan na Halab suka fito. Ba banza Shaikh Muhammad ya sa wa bargarsa Godolphin, gidan kiwonsa kuma Darley ba. Mai kaya ne ya biyo sawun kayansa, ko da yake da tsada ya fanso.

A cikin duk sunayen nan babu wanda ke taɓa zuciya kamar Shergar. Jan doki ne mai farin goshi da fararen ƙafafu huɗu, na Aga Khan na Huɗu, jikan wancan. A 1981 wani yaro ɗan shekara 19, Walter Swinburn, ya hau shi. Suna fitowa daga kwanar Tattenham ya sakar masa linzami kaɗan, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Tazarar tsawon doki goma ya bayar, ita ce mafi girma a tarihin tseren, kuma tun kafin layi mahayin ya fara sassauta masa. Amurkawa suka zo da kuɗi, amma Aga Khan ya zaɓi ya bar shi a Ailan, aka raba mallakarsa kashi arba'in a kan jimillar fam miliyan 10. Shekara ɗaya kacal ya yi yana baye. Daren 8 ga Fabrairu 1983 wasu mutane da bindigogi, fuskokinsu a rufe, suka shiga gidan kiwon Ballymany a gundumar Kildare, suka tsare iyalin mai kula da shi, suka tilasta masa ya sa dokin a mota. Suka nemi fam miliyan 2. Ba a biya ba, domin masu hannun jarin sun ga in aka biya sau ɗaya babu dokin da zai sake kwana lafiya. An fi zargin ƙungiyar IRA, ko da yake ba ta taɓa amsawa ba, ba a kuma gurfanar da kowa ba. Har yau ba a ga ko ƙashinsa ba. Mu da kalmar kuɗin fansa ta zame mana abin ji kullum, ba ma buƙatar a yi mana bayanin irin jiran da aka yi a gidan nan. Aga Khan ya ci gaba da ci, da Shahrastani a 1986, Kahyasi a 1988, Sinndar a 2000 da Harzand a 2016, ya cika biyar kamar kakansa kafin rasuwarsa a 2025.

Mahaya kuwa, Lester Piggott ne sarkinsu. Sau tara ya ci, na farko a 1954 yana ɗan shekara 18 a kan Never Say Die, na ƙarshe a 1983 a kan Teenoso, a tsakani har da Nijinsky na 1970. Dogo ne a ma'aunin sana'ar, don haka ya ƙare rayuwarsa cikin yunwa da gangan don kada ya yi nauyi. Sir Gordon Richards, wanda ya fi kowa yawan nasara a zamaninsa, sai a gwaji na 28 ya samu, a 1953, a kan Pinza. Dokin da ya kayar a ranar, Aureole, na Sarauniya Elizabeth ne, kwana huɗu da naɗa ta. Ta yi shekara saba'in a kan mulki tana kiwon dawaki, tana son wannan kofi kamar rai, ba ta taɓa samu ba. Wannan yana cikin abubuwan da ke sa in girmama tseren. Filin bai san sarauniya ba.

A nan ne zan ɗan ratse gida, domin doki ba baƙonmu ba ne. Mun san barga da turke, mun san Shamaki da Madawaki, mun san akawal da kili da bidi, kuma garuruwanmu da dama suna da filin sukuwa. A filin sukuwar Legas ma aka sauke tutar Ingila ranar 1 ga Oktoba 1960. Shekarun baya na je kallon sukuwa a wani gari, na zauna kusa da wani dattijo wanda tun yana yaro yake yankan ciyawar doki. Na ce, "Baba, wane doki ne ya ci babban kofin nan shekara goma da suka wuce?" Ya faɗi suna ba tare da jinkiri ba. Na kusa da shi ya ce, "Haba Malam, wannan ai shekarar da ta biyo ce." Na uku ya ce duk sun manta, a shekarar ma ba a yi ba. Kowannensu ya san doki fiye da yadda zan taɓa sani, yana iya gaya maka asalin doki daga tafiyarsa, amma babu takardar da za ta raba gardamar. Mu a waƙa muke ajiye gwanayenmu. Dokin da ya yi sa'a Narambaɗa ya waƙe shi, wato Ɗanfilinge, har gobe ana jin sunansa a rediyo. Sauran da suka yi zamani da shi, waɗanda wataƙila wasu sun fi shi, sun tafi da waɗanda suka gan su. Waƙa ta fi littafi daɗi, amma ba ta gaya maka wa ya zo na biyu, ba ta kuma kama Maccabeus.

Sai dai kada a ɗauka yabon Turawa na zo yi. Littafin nan nasu da nake sha'awa shi ne kuma yake ba da shaida a kansu, in aka karanta shafukansa na ƙarshe.

Mahmoud ɗin da Aga Khan ya sayar wa Amurkawa ya haifi wata goɗiya, Almahmoud, ita ta haifi Natalma, ita kuma a 1961 ta haifi wani ɗan guntun doki a Kanada wanda aka kai kasuwa yana ɗan shekara guda babu wanda ya taya. Sunansa Northern Dancer. Ƴaƴansa uku sun ci Derby: Nijinsky, The Minstrel a 1977 da Secreto a 1984. Wani ɗansa, Sadler's Wells, ya zauna a gidan kiwon Coolmore na Ailan, ya haifi Galileo, wanda ya ci a 2001. Daga nan jerin ya fara zama kamar rajistar gida ɗaya. Ƴaƴan Galileo biyar sun ci: New Approach a 2008, Ruler of the World a 2013, Australia a 2014, Anthony Van Dyck a 2019 da Serpentine a 2020. Daga 2018 zuwa 2025, shekara takwas a jere, babu wanda ya ci face ɗan Galileo ko jikansa, ta wajen uba ko ta wajen uwa. Lambourn na 2025 ɗan Australia ne, wato kaka ya ci, uba ya ci, jika ya ci. Mai horar da dawakin Coolmore, Aidan O'Brien, ya ci sau 11 daga 2001 zuwa 2025, abin da babu wanda ya taɓa kusanta a tarihi. Akwai shekarun da shi kaɗai kan shigar da dawaki shida ko bakwai, har tambayar ta koma ba wa zai ci ba, wanne daga cikin nasa zai ci.

Za a ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma manufar tseren ke nan tun farko, a gano nagari a yawaita irinsa. Na yarda, kuma ba na zargin kowa da maguɗi. O'Brien gwani ne, mutanen Coolmore kuma sun zuba kuɗinsu inda ya dace. Amma gwajin da ake yi don a gano abin da ba a sani ba, in ya kai ga kullum amsa ɗaya yake bayarwa, ya fara zama biki. Manomin da ya shuka iri ɗaya a duk gonakinsa ya san abin da yake tsoro. Ingarma ɗaya a yau yakan hau goɗiyoyi fiye da ɗari a shekara, kuɗin baye ɗaya na Frankel, wani ɗan Galileo, ya kai fam 350,000. Wa zai iya wannan in ba gidaje huɗu ko biyar a duniya ba? Shi Frankel ɗin ma, wanda da yawa ke ganin ba a yi doki kamarsa ba a wannan zamani, ya yi tsere 14 bai taɓa faɗuwa ba, amma ba a kai shi Derby ba.

Kwatanta wannan da 1908. Wani dattijo ɗan Italiya mazaunin Newmarket, Ginistrelli, yana da goɗiya da yake ji da ita, Signorina. Kullum in an wuce da wani ingarma mai arha, Chaleureux, ta gefen gidansa, sai su yi ta haniniya da juna. Tsohon ya ce to, tunda suna son juna, a haɗa su. Masana asali suka yi masa dariya. Ƴar da aka haifa, Signorinetta, ta shiga Derby babu mai kallonta, ta ci, bayan kwana biyu ta kuma ci Oaks. Ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Goɗiyoyi shida ne kacal suka taɓa cin Derby, ta ƙarshe Fifinella a 1916. Ban ce ba zai yiwu a sake ganin irin Ginistrelli ba, amma na duba shafukan shekaru ashirin ɗin nan ban ga ƙofar da zai shigo ta ba. Jama'ar da ke cika tudun nan kyauta, masu garaya da masu duba da masu sayar da abinci, waɗanda a da ake ƙirga su da dubu ɗari-ɗari, sun ragu ƙwarai tun bayan da aka mayar da tseren daga Laraba zuwa Asabar a 1995. Ana ɗora laifin a kan talabijin da ƙwallo da tsadar tikiti. Ni ina ganin har da cewa talaka ba ya zuwa kallon abin da ya riga ya san ƙarshensa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban mamaki. Kasuwar ƴan dukusai ta juya wa mil ɗaya da rabi baya. Masu saye suna son doki mai zafin gudu a gajeren zango, wanda zai fara kawo kuɗi tun yana ɗan shekara biyu. Saboda haka wanda ya ci Derby, in ba ya haɗa da wasu manyan nasarori ba, sai ka ga darajarsa ta faɗi. Workforce mai riƙe da lokaci mafi sauri, da Harzand, da Wings of Eagles na 2017, duk sun ƙare suna haifar dawakin tsallake shinge, wanda a harkar ake ɗauka aji na biyu. Ba yau aka fara raina gwani ba, gaskiya. Diomed na farko ma an gaji da shi, aka sayar da shi a kan gini 50 yana ɗan shekara 21, aka tura shi Amurka a 1798. Can ya rayu har shekara 31, ya kafa zuriyar da ta haifi Lexington, ingarman da ya mamaye sukuwar Amurka a ƙarni na 19. Shi aƙalla an bar shi da abin da zai rama.

Serpentine bai samu wannan ba. A 2020, shekarar korona, aka ɗage tseren zuwa 4 ga Yuli, aka yi shi babu ɗan kallo ko ɗaya a tudun. Yana cikin ƴan rakiyar bargar O'Brien, ba shi aka sa wa rai ba. Mahayinsa Emmet McNamara ya fita gaba tun daga farko, sauran mahaya suka ƙyale shi suna jiran ya gaji, bai gaji ba, ya ci da tazarar tsawon doki biyar da rabi. Bai sake cin wani tsere a Turai ba. Aka sayar da shi Ostareliya, can aka dandaƙe shi. Dokin da ya ci tseren da aka hana dandaƙaƙƙu shiga don a tantance uban zuriya, ba zai bar ɗa ko ɗaya ba. Sunansa na nan a layi na 241, a ƙasan ɗan ubansa Anthony Van Dyck, wanda ya karye a tseren Melbourne cikin Nuwamban 2020, likitocin dabbobi suka hutar da shi.